Malama Esther da Diddigen Inna Asibi

Kafin masu koko su sauke tukunya, Malama Esther ta riga ta buɗe ɗakin gashin ƙashi na asibitin da take aiki a Ƙanƙara. Ɗakin ba wani babba ba ne: gado biyu, ƙarafan da ake dafawa ana koyon tafiya, sai wata 'yar na'ura da take lulluɓewa da tsohon zanenta kamar jaririya. Ta share, ta goge, sannan ta leƙa baranda. Can za ta iske su jere a kan benci, masu shanyewar ɓarin jiki, wani an goyo shi a babur, wata tun daga Sabuwa aka taho da ita kan hanyar da direbobi ma sai sun yi addu'a suke hawa. Ta san sunan kowa, har da na wanda ya kawo shi. Bana za ta ajiye aiki, shi ya sa ya kamata a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta. Yabon da aka jira sai mutum ya kwanta dama, wa ya amfana?

Ɗiyar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Yankara, a ƙasar Faskari, kuma har yau hannunta na mai riƙe fartanya ne. Na'urar nan kuwa, leza ake ce mata, da haske take aiki, sai da furfura ta fara fito wa Malama sannan aka kawo ta. Ba ta ce ta tsufa da koyo ba, ta tafi kwas ta dawo. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa naman sha-raɓarsa ƙagewa yake yi, ya ja diddige sama, sai kan yatsu kawai ke taɓa ƙasa. Malama takan sa wa mutum baƙin tabarau, ta ɗora kan na'urar a sha-raɓa tana matsawa wuri-wuri, in ta gama ta kama ƙafar tana miƙarwa da hannu.

Mutanenmu fa sun saba da sakiya da ƙahon wanzami, maganin da bai sa mutum ya yi salati ba, ba su yarda ya shiga jiki ba. Tsoho zai cire tabarau ya ce, "Malama, wai an gama ke nan? Ko ɗumi ban ji ba!"

Sai ta yi dariya ta ce, "Baba, in zafi kake so, jira hannuna." Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin banza ba. Cewa take, "Hasken nan lallashin naman yake yi ya saki. Tafiyar kuwa kai za ka yi abarka, ba wanda zai yi maka."

Tana da tambaya guda da take yi wa duk wanda ya hau gadon nan ranar farko: "Ina kake so ƙafar nan ta kai ka?" Wani ya ce masallaci, wani gona, wata ta ce gidan biki, a kwashe da dariya. Inna Asibi ta Pauwa ce kaɗai aka yi wa tambayar ta sunkuyar da kai ta yi gum.

Ɗanta Mas'ud ne ya kawo ta, shi ne kuma ya ba da wannan labari, abin da bai gani ba Innar ta cika da bakinta. Inna Asibi mace ce mai jiki, hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. 'Ya'yanta mata suna aure a Sabuwa, matar Mas'ud ga ciki haihuwa yau ko gobe. Wanda zai iya ɗaga ta a gidan shi kaɗai ne. Ga shi yaron kirki, ko ƙasa ba ya bari ƙafarta ta taɓa, daga babur sai ya sungume ta har kan gado. A ganinsa biyayya ke nan.

Mako na bin mako, ƙafar ta fara laushi a hannun Malama, amma mai ƙafar sai lalacewa take yi. Leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Mas'ud ya rantse ba abin da ba a dafa mata, ture kwanon take yi, ruwa ma sai dai ta jiƙa baki. Da wani ma'aikacin ne sai ya ce ciwo ne ya hana ta ci, ya tura ta ɗakin magani. Malama Esther kuwa ta lura da wani abu: tun da suke zuwa tsohuwar ba ta taɓa kallon yaron nan ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". Ta aike shi sayen ruwan leda, ta turo ƙofa, ta zauna a bakin gadon.

"Inna, ɗan fari ne ko?"

Ta gyaɗa kai.

"In za ki kewaya, shi ke ɗaukarki?"

Nan fa hawaye suka ɓalle. Da bakinta da ya ɗan karkace ta ce, "Ɗiyata, yaron da ko a gabansa ban taɓa cin abinci ba. Yaron da ko goyonsa ban yi a gaban mutane ba. Yau shi ke kai ni bayan gida ya tsaya yana jira. Gara in bar cin, in ba abin da ya shiga ai ba abin da zai fita. Allah Ya ɗauke ni da mutuncina."

Kai, jama'a! Ashe matar nan kashe kanta take yi da yunwa saboda kunya, a gidan da kowa ke sonta.

Malama ba ta ce mata kunyar nan ta zamanin da ce ba. Ita ma uwarta haka ta yi da ɗanta na fari, yayan Malama, har ta koma ga Allah. Abin da ta ce kawai, "To Inna, yau na san inda ƙafar nan za ta kai ki. Amma ƙafa ba ta tafiya da yunwa. Ki ci rabin kwano, ni kuma sauran aikin nawa ne da ke."

Ranar hutunta, bayan ta fito coci, ta hau acaɓa sai Pauwa. Ta sa aka kafa gora a jikin katanga tun daga ƙofar ɗakin Inna har makewayi, ta sa kafinta ya huda kujera aka ajiye a ciki, ta nemo wata maƙwabciya da za ta riƙa raka ta kafin ƙafa ta yi ƙwari. Sannan ta juya kan Mas'ud.

"Daga yau kada ka sake ɗaukarta."

"Haba Malama, uwata ce fa! Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Tausayinka ne ke riƙe mani diddigen nan a sama. Ka bar ta ta taka."

Ba a rana ɗaya abin ya yiwu ba. An yi shuka, an yi noman farko, an yi maimai, Inna Asibi na zuwa Ƙanƙara tana sa baƙin tabarau, Malama na tsokanarta wai ta fi 'yan mata kyau. Haske, miƙa, taku, a koma gida a kama gora. Har aka kai ranar da diddigen ya zauna daram a ƙasa. Malama na tsakar gidan ranar, Inna ta yunƙura ta miƙe, ta rataya butarta a hannu mai lafiya, ta bi gorar nan tana jan ƙafa. Mas'ud ya zabura zai tare ta, Malama ta damƙe mashi hannu, damƙar mai fartanya. Ya tsaya yana kallon bayan uwarsa, hawaye na zuba.

Malama Esther, ke ce kika gane cewa ciwon da ke ƙafa wani lokaci ba shi ne babba ba. Ke ce ba ki raina kunyar tsohuwa ba, kika gina mata hanya. Uwar marasa ƙafa, mun gode, Allah Ya saka maki da alheri, Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, na'urar kowa zai iya koyon latsa ta. Ku gaji tambayar, ku kuma tsaya ku saurari wanda ya yi shiru.

Da Inna Asibi ta fito, ta zauna a bakin ƙofarta tana haki. Ba ta kalli inda ɗanta yake ba. Malama ta duba, ta ce, "Ɗiyata, ki ce wa wancan a kawo mani tuwo. A cika kwanon."