Ɗaki Ɗaya, Baƙi Biyu

Ban yi boko ba. Abin da na sani a kan abinci, a bakin murhun Kaka na koya, a Gada Biyu. Da ƙuruciyarta ta yi dakon ƙasa a ramin kuza, wuyanta bai ƙara miƙewa daidai ba. In an yi sallar magariba sanyin Jos ya sauko, sai ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta biyar mu kewaye ta. Takan ce, "Ku matso, tatsuniya ta iso." Mu ce ta zauna.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Baƙi biyu suka sauka gidan wata mata mai ɗakin baƙo ɗaya tak. Ɗaya Alewa ce, da riga mai ƙyalli, bakinta zaƙi. Ɗaya Gwate ne, faten acca da ganye, cikin tsohon kwano, yana tsamin yakuwa, ko gaisuwar kirki bai iya ba. Matar tana da yaro marar lafiya da ya kwana bakwai bai yi dariya ba. Alewa ta sa shi dariya. Matar kuma tana da miji manomi da ke faɗuwa a gona kafin azahar. Gwate ya riƙe shi har faɗuwar rana.

Nan Kaka take tsayawa. Ba ta taɓa ƙarasawa ba.

"Ɗaki ɗaya ne. Wa za a ba?"

Dole kowa ya amsa, ya kuma faɗi dalili, kafin a ciro masa dankali. Wanda ya ce abin da babban yayanmu ya faɗa shi ne nasa, ta ja masa kunne. Wanda ya ce Gwate don ya faranta mata, ta ce ƙarya yake, ga miyau nan a bakinsa. Ni kullum Alewa nake zaɓa. Ba ta taɓa cewa na yi kuskure ba, sai dai ta tambaye ni yadda zan yi da manomin. Wata rana na ce a ba Gwate ɗakin, Alewa ta riƙa zuwa ziyara ran Juma'a. Na zaci na ci. Ta juya dankali, ta ce, "In ta zo ta ƙi tafiya fa, uwar wayo?"

Kaka ta rasu. Na yi aure. Rikici ya ci gidanmu, ya ci mijina. Na tsira da 'yata Zulai a goye. Na kafa tebur a ƙofar wata firamare a Nasarawa Gwom, ina sayar da biskit, alewa, cingam da lemon roba. Da shi muka rayu, ba zan ji kunyar wannan ba.

Abin da nake jin kunyarsa daban ne. Gwate yana son a gyara acca, a yanka ganye, a tsaya a kansa. Ni kuwa da asuba nake fita. Sai in miƙa wa Zulai biskit da lemo daga kan tebur, in ce ta ci ta wuce aji. Shekara da shekaru haka. In ta buɗe baki za ta yi magana, in ce ta rufe, ba ni da lokacin surutu. Ta rufe kuwa.

Bana tana da shekara tara aka cire mata haƙora biyu a asibiti. Likita ya tambaye ta me take ci da safe. Ni ta kalla.

Da muka dawo na dafa gwate, na hura gawayi, na zaunar da ita. Na ba ta labarin baƙin nan biyu yadda na iya, ba ni da muryar Kaka. Na tsaya inda ake tsayawa, na tambaye ta wa za a ba ɗakin. Ta daɗe tana duban fuskata, audugar asibiti a kuncinta.

"Mama, wanne kike so in ce?"

A da na ɗauka Kaka abinci take koya mana. Ashe so take kowa ya iya zaɓa da kansa, ya kuma san dalilinsa. Haƙoran Zulai ma sun fi tambayarta sauƙi a wurina. Wannan tambayar ni na koya mata ita, da tsawa. Na ce mata ba ni da amsa, tata nake jira. Wata biyu ke nan ina tambayarta duk yamma. Har yanzu fuskata take fara dubawa.