Jakin da Ya Yi Mana Tafinta

Ni ce 'yar farin babana, kuma tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a Arewa, ƙasarmu ta Dogon Dutsi, kowa ya san uba yana jin kunyar ɗan fari. Sai dai Baba ya kai tasa kunyar inda har Fulanin da ke kawo mana nono suke yi masa dariya. Ba ya duban fuskata, ba ya amsa gaisuwata. In yana da magana da ni, sai ya juya wajen jakinsa da ke ɗaure a gindin gawo, ya gaya masa. Kumandan Nasara, Baturen da ke mulkin Dogon Dutsi, yana da tafintansa mai jar hula, Baba yana da jaki.

"Hwaɗa ma ta Kieshe ta kawo ruwa," in ji shi, hannunsa na kan igiyar kabar da yake tufkawa.

Ni ce ta Kieshe, don can aka kai ni yaye wurin kakata ta wajen uwa, ban dawo ba sai da na fara famfara. Abin da nake tunawa na can bai taka kara ya karya ba: warin daddawar kaka, da awakinta, da wani mutum cikin masu aikin hanyar Dosso wanda jar ƙasa ta rufe shi har gira. Kullum da rana tsaka sai ya tsaya a bakin danga ya roƙi ruwa. Kaka takan ja zane ta rufe kanta, ta miƙo mini ƙwarya in kai masa. Shi kuma ya sha a hankali yana kallon awaki, ya ajiye goriba ɗaya cikin ƙwaryar, ya tafi. Na ɗauka wani taɓaɓɓe ne.

Da na dawo gida na ga yadda ake yi, sai ni ma na koyi yi wa jakin magana. Jakuna uku muka cinye a haka. Na ukun, wani furde mai yagaggen kunne, shi ya ji zancen aurena, shi ya ji an ba ni wani tela mai keke a bakin kasuwa, mai ɗinka wa 'yan gardi, dogaran kumanda, wanduna. Gidan mijin nawa lungu ɗaya ne ya raba shi da namu.

Na haifi 'ya mace, a nan kuma na watsa wa dangi ƙasa a ido. Ya kamata in yi kamar ban san da ita ba, in ta yi kuka in jira wani ya miƙo mini ita, in kawar da kai ina ba ta nono. Ni kuwa na kasa. Ina sumbatar ta a bakin rijiya, ina kiran sunanta da ƙarfi har maƙwabta su ji. Innata ta yi faɗa har ta gaji. Labari ya bi 'yan kasuwa har Sukukutane, inda uwar mijina take, ita kuwa ta aiko da saƙo gajere: bayan kaka, in an cire yarinyar daga nono, za ta zo ta tafi da ita, tunda uwarta ba ta da kunya. Sukukutane tafiyar kwana biyu ce a kan jaki, cikin rairayi, kuma na san 'yar fari in ta tafi yaye ba ta dawowa sai ta iya daka.

Na gaya wa mijina ba zan yarda ba. Ya ci gaba da taka kekensa, ya ce shi me zai ce, ai ba ya ma iya ɗaukar yarinyar a gaban mutane. Na ji kamar in fasa masa keken.

Washegari da hantsi na goya 'yata na tsallaka lungu. Baba yana gindin gawo, ya maƙale igiya a babban ɗan yatsan ƙafarsa yana murzawa. Na durƙusa nesa kaɗan, na fuskanci jaki.

"Ina kwana, jaki. Ka gaida mini Baba."

"Ce mata lahiya lau," in ji Baba. "Ka tambaye ta mi ya hiddo ta da sahe, ko ta ƙone ma ɗan mutane tuwo."

"Ce mishi za a ɗauke mini ɗiya."

"Na jiya. Garin ga duka ya jiya. Hwaɗa mata wadda ta tsaya bakin rijiya tana lasar ɗiya kamar akuya, ita ta kira ma kanta."

Na dubi jakin sosai. "Kai ma ɗan hwari na wurin uwarka. Ni na gan ta da idona tana lasar ka gaban kowa, ba wanda ya kai ka Sukukutane."

Kafaɗar Baba ta motsa. Ya yi tari don ya ɓoye dariya, ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da murza.

"Shi ya sa ya tashi jaki," ya ce. "Ce mata ɗa in ya san ana son shi, kan mutane shi ka hawa. Ita da ba a nuna ma ba, ga ta nan tana gardama da tsohonta. Da an nuna mata fa?"

"Tambaye shi, shi da Inna, wa ya hi son wani?"

Igiya ta tsaya. A tarihin jakuna ukun nan ba a taɓa ɗora wa ɗayansu kaya irin wannan ba.

"Kai jaki, toshe kunnenka mai kyau, ka bar yagaggen," in ji Baba. "Ce mata aure ba a auna shi da mudu. Uwatta shekara nawa tana zuba mini gishiri hiye da ƙima, ni kau ina cewa ya yi daidai. Ta tahi ta auna wannan."

"To nawa mijin ko gishirin bai kula ba. Na yi mishi kuka, keke shi ka takawa."

"Ɗan mutane na da uwa. In ya buɗe baki ya ce ma uwatai a'a a kan ɗiyar hwari, gobe ba shi shiga kasuwa. Ta lura da mi shi ka ɗinkawa in ba kowa shagon?"

Sai na tuna. Kwana uku kafin nan na tsinci wata 'yar riga a ƙarƙashin tabarma, an haɗa ta da ƙyallayen kakin 'yan gardi, har da aljihu. Na ɗauka ƙanwarsa ce ta kawo.

"Baba..." Na manta, na juyo wajensa. Nan take ya mayar da fuska ga gawo, kamar na watsa masa ruwan zafi. Na koma ga jaki. "Ce mishi ni na san yadda a ka ji. Na kwana Kieshe shekara da shekaru ina tsammani ba mai so na gidan ga. Ban son tawa ta ji haka."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Jakin ya kaɗa wutsiya, ya kori ƙuda.

"Hwaɗa mata al'ada ta riga ta zuwa duniya," ya ce a ƙarshe. "Ta tashi ta tahi, rana ta yi."

Na tashi ina hawaye, na rantse a raina ba zan ƙara gaida jakin nan ba. Na kuwa cika, wata biyu cur ina wucewa ta gabansa kamar ban san shi ba.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, sai ga surukata ta iso da ƙanenta da jakuna biyu. Mace ce doguwa mai kaifin ido, wadda duk Sukukutane aka san ta da awaki. Ta san kowace akuya da halinta, kuma ba a taɓa jin ta yanka ko ɗaya ba, ko da sallah. Ta sha fura, ta huta, ta sa aka ɗaure kayan yarinyar a ƙwarya. Ni ina ɗaki, na ƙanƙame 'yata, na ma kasa kuka.

Sai na ji sallamar Baba a tsakar gida. Na leƙa ta jikin asabari. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa suna, yana riƙe da wani baƙin zare da ƙaramar ƙwarya. Suka gaisa da surukata, gaisuwa mai tsawo, har da ta awaki.

"Madalla da kinka zo," ya ce. "Kin sauke mini kaya. Ga zaren, ga ƙwaryar, sai ki tahi da su tare da yarinyar."

"Na mi ne?"

"A'a, ba a hwaɗa miki ba? Na doguwar gidanmu na. Ɗiyar hwari ta ɗiyar hwari tata ta, tun kakanni. Inda anka yaye ta, nan ta ka bi ta zamna. Ba ta da wahala kau, baiwar Allah. Akuya guda ta ka so duk shekara."

Surukata ta gyara zama. "Akuya?"

"Baƙa. Amma in babu baƙa ba ta hushi, ita ka shiga garke ta zaɓa da kanta. Ta hi son mai nono." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni ta gama da nawa tuni, shi ya sa kin gan ni da jaki ɗai. Ke kau da naki garken, ai sai ta yi ƙiba."

A Arewa ba a wasa da zancen doguwa, aljanar gida. Ko limamin unguwarmu ba ya bi ta gindin tsamiyar bayan gari da rana tsaka. Surukata ta dubi zaren, ta dubi ƙanenta, ƙanen ya dubi sama. Baba ya matsa mata da ƙwaryar har gaban tabarma, ita kuma ta janye ƙafarta.

Ba ta ce ta fasa ba, ba irinta ba ce. Cewa ta yi hanya ta yi wa yarinya nisa bana, ga sanyi na tafe, kuma tunda abin na gidansu ne, a yaye ta can gidan kakanta, in ya so daga baya a gani. Baba ya yi ta roƙon ta ta sake tunani, har da cewa an cuce shi. Mijina yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kaɗai nake gani suna rawa don dariyar da yake dannewa. Kwana biyu ta yi ta koma, ta bar mana ƙwaryar man shanu.

Haka aka yaye 'yata a gidanmu, tsallaken lungu. Da rana tana can, ina jin muryarta daga madafina. Mutumin da bai taɓa duban fuskata ba sai ga shi yana yawo da jikarsa a wuya har kasuwa, yana ce mata amaryarsa, tana ja masa gemu, yana tauna mata goriba yana ba ta a baki. Na yi murna, amma ba zan ɓoye ba, na ji kishi har cikin ƙashina.

Ran nan da la'asar na je ɗaukar ta, na tarar ta yi barci a cinyarsa, igiya na gefe. Na durƙusa a wurina na da.

"Jaki, mun shirya. Ka yi haƙuri."

"Ce mata ya haƙura, ba shi da riƙo."

"Tambaye shi, doguwar ga tamu, yaushe munka same ta? Ni ban taɓa ganin an yanka ko zakara gidan ga ba."

"Ce mata ta rage murya. Ƙanen surukarta na zuwa kasuwa."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi ma gemunsa na rawa. Da dariyar ta lafa sai na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba.

"To ni da anka kai Kieshe, ina doguwar take?"

Ya kori ƙuda daga fuskar yarinyar. Ya gyara mata 'yar rigar kakin nan mai aljihu.

"Lokacin ina yaro, ban iya ƙarya ba," ya ce. "Hwaɗa mata shekarar da Nasara sunka kama mutane aikin hanya, ba ni anka rubuta ba, ƙanena na. Ni na ce a bar shi in tahi. Har yau shina gode mini, kowace kaka sai ya aiko da dame. Kar ta hwaɗa mishi, amma ba don shi na tahi ba: na ji an ce zangon kusa da Kieshe za a kahwa shi."

Sai na tuna mutumin nan mai roƙon ruwa. Jar ƙasa har gira, da kaka tana rufe kai da zane, don surukinta ne a bakin danga.

"Wata huɗu ina ɗaukar tsakuwa da kai," ya ce wa jakin. "Ruwa kau akwai shi zango, randa guda. Ce mata ƙwaryar tata ta cika yoyo, rabi ƙasa ta ka zubarwa kahin ta iso."

Na tashi na shiga wurin Inna, na ɗebo ruwa a ƙwarya, ina tafe yana zuba a ƙasa. Na zo na durƙusa, ba gaban jaki ba, gabansa. Ya karɓa bai dube ni ba, ya sha a hankali yana kallon jakinsa. Da ya gama ya laluba aljihun jikarsa, ya ciro goribar da ya sa mata, ya ajiye mini cikin ƙwaryar.