Mutanen da Na Kashe a Kubwa

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare na kashe mutum arba'in a yini guda, da biro, a kan teburin cin abincinmu a Kubwa. Da na tsaya nan da lafiya lau. Sai na ɗauki labarin na kai wa Iya, kakata, wai zan burge ta.

Lokacin littattafai sun shiga kaina. Baba yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, kuma in ya sauko daga bas da yamma jakarsa nake fara gaisarwa kafin shi, ko ya sayo mini wani a hannun masu talla a hanya. Na karanta na ƴan fashi. Na soyayya kuwa a banɗaki nake karantawa, har Mama ta fara nema mini maganin basir. Daga nan na yanke cewa ni ma marubuci ne, kuma sai na sa Abuja kuka daga Nyanya har Lugbe.

Iya mahaifiyar Baba ce. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka kawo ta a duba mata ido, aka duba, ta zauna. Ba ta yarda da gas ba, ta ce wutar da ba ta barin toka ba wuta ba ce. Dole aka saya mata murhun gawayi, take hura shi a bayan gida kusa da tankin ruwa. In an ɗauke wuta bayan isha'i, janaretocin unguwa suka kama ihu, can muke taruwa, ni da ƙanwata Ummi da Chidi ɗan maƙwabtanmu, wanda Hausarsa ke mai da namiji mace amma tatsuniya ba ta wuce shi.

A nan na karanta mata. Ƴan fashi sun tare hanya, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo, gada ta karye, kowa ya mutu har da mai sayar da rake da ke gefe. Na ɗaga kai ina jiran hawaye. Ummi na gyangyaɗi. Iya na juya masara a kan gawayi.

"Maigida," ta ce, don haka take kirana, "su wa ke nan ka kashe?"

"Mutane mana."

"Ƴaƴan wa? Mutum arba'in rigis, ko gaisuwa ba wanda ya je?"

"Labari ne fa, tsohuwa."

"To ni ban san su ba. In ka kashe wanda ban sani ba, sai in ce Allah ya jiƙansa in ci masarata."

Na ƙulu. Na ce ita ta kashe mutum ɗaya tak mu gani. Ta ce ga ta nan, in muna da kunne. Muka ce a kawo ta.

Labarin wani mai haƙar rijiya ne, Tanko. Daren farko babu abin da ya faru. Tanko yana son ƙanzo, yana ɓoye shi cikin hularsa don kada matarsa ta yi masa dariya. Shi ke nan, aka ce mu je mu kwanta. Washegari muka ji yana da tari irin na tsohuwar akuya, kuma ya daɗe ba ya magana da maƙwabcinsa Ilu saboda wata zabuwa da ta yi ƙwai a kan iyakar gonakinsu. Na ce, "Iya, wai yaushe zai mutu?" Ta ce, "Kai aka aiko ɗaukar ransa?" Chidi ya koyi tarin. Ummi ta fara cusa ƙanzo cikin ɗankwali, Mama ta yi ta neman inda tururuwa ke fitowa.

Sai fari ya zo garin. Tanko ya shiga haƙa, kullum ya ajiye hularsa a bakin rami ya sauka. Ranar da ya taɓo ruwa ya ɗaga murya ya ce a zuro guga, sai ƙasa ta rufta da shi. Haka Iya ta faɗe shi, ko murya ba ta sauya ba. Ta ce da mutane suka watse Ilu ne ya rage. Ya ɗaga hular, ƙanzo ya zube. Ya durƙusa yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya yana hure ƙasar.

Ummi ta ɓarke da kukan da ya fi janareto ƙara. Chidi ya ce, "Iya, wannan labari ba ta da kyau," yana share hanci da riga. Ni hayaƙin gawayi ne ya shiga idona, kuma har gobe a kan haka nake.

Tun daga nan duk abin da na rubuta sai ya bi ta gaban murhun. Da na ambaci mutum za ta ce, "Me yake ci? Da wa yake gaba?" In ban sani ba ta ce in koma in tambayo shi.

Bana nake gama sakandare. Malaminmu na Hausa ya ce in kawo labari a sa a mujallar makaranta, abin da ya faru da ni da gaske. Na zaɓi Iya, wadda ta rasu bara. Na bi hanyarta sak. Na sa goron da take gogawa a murfin gwangwani mai huji, na sa gabarta da gas, na sa yadda take gaida mai karanta labarai a talabijin ta ji haushi bai amsa ba. Duk wannan ya zo da gudu. Da na iso inda za ta mutu sai biron ya tsaya. Ba kuka ne ya hana ni ba, don ban yi ba, ko a ranar. In na leƙa wurin a raina kamar na taɓa ƙafar da na daɗe da zama a kanta ne. Ta koya mini yadda mai sauraro zai san mutum kafin a ɗauke shi. Abin da mai ba da labarin zai yi da kansa a lokacin, ban taɓa tambaya ba.

Sai na koma halina. Na sa ta riƙe hannuna ta yi mini wasiyya mai shafi biyu, aka tsuge da ruwa, har tsuntsaye suka yi shiru. Na ba Ummi ta karanta. Ta miƙo mini ta ce, "Yaya, ƙarya kake. Iya ba ta dogon zance." Na soke shi duka. Malam yana jira, ni kuma ga abin da ya rage a hannuna.

Iya ta tashi da ciwon ƙirji wata safiya, Baba ya ari motar Baban Chidi za mu asibiti a cikin gari. Cunkoson masu tafiya aiki ya riƙe mu a babban titi. Mama na baya da ita. Ni ina gaba, riƙe da fulas ɗin kununta, ina karanta rubutun da ke bayan wata bas. A nan ta cika. Ban waiga ba sai da Baba ya kashe rediyo.