Ƙofar Madugu Gajere

Gwaf! Goshina ya daki azarar ƙofar zaure, hulata ta faɗi a gaban maginin da na ɗauko.

Tsohon gidanmu ne na Malumfashi, ginin tubali mai zankwaye, tun kafin zuwan Turawa. Na zo ne a fasa ƙofar a ɗaga ta, don na gaji da ƙulu a goshi.

Gwaggo Dije, yayar babanmu, tana kan tabarma tana ta dariya.

Na ce, "Gwaggo, mutumin da ya yi katangar da ta fi raƙumi tsawo, ƙasa ce ta ƙare masa a ƙofa?"

Ta ce, "Kakan kakanka madugun fataken goro ne, gajere ƙwarai. Wani dogon attajiri ya rantse ba zai taɓa rusuna masa ba. Sai Madugu ya auna ƙofa daidai tsayin kansa, ya gayyaci attajirin tuwon tarewa. Mutumin ya shigo a duƙe, Madugu na zaune ya ce, 'Haba Malam, tashi, gaisuwar ta isa haka!'"

Magini ya mayar da gudumarsa cikin buhu, ya ce, "Alhaji, ni ba na faɗa da wannan mamacin."

Mun bar ƙofar yadda take. Ku fa, wace rigimar kakanni ce har yau kuke duƙa mata a gidanku?