Saniyar da Ta Dawo da Zobe

A kakar shekarar da aka daina fam aka koma naira, muna zaune gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Gwaram muna ɓarar gyaɗa, yatsuna duk sun yi kanta. Inna ta tara mini tsibin da ya fi ƙarfina, sai na yi dabarar da na saba. Na ɗaga murya yadda 'yan matan da za su rijiya za su ji, na ce, "Wata yarinya ce saniyarta ta ɓata, da ta dawo sai ga zoben babanta da ya rasu a ƙahonta." Na yi shiru. Nan take aka ajiye tuluna. Ka'idata ita ce, wadda ba ta ɓara ba, ba ta jin ci gaba, kuma ban taɓa kaiwa ƙarshe ba, don gobe ma akwai gyaɗa. Inna takan ce, "Ke da bakinki kike noma."

Mutum ɗaya na faɗa wa ƙarshen, Yaya Sabo, ɗan wan babana da ke sakandare a Birnin Kudu. Ya zo hutu ya yi ta lallashina, ya rantse idan labarin ya zama littafi sunana ne a sama. Ni da aka cire daga aji uku don tsaron awaki, ai sai na zazzage masa komai.

Bara na kai ɗiyata Hadiza asibitin Birnin Kudu da zazzaɓi, ina ta taɓa goshinta a layi, sai wani mai tallan littattafai ya tsaya yana karanta wa mata bayan wani littafi. Saniya, ƙaho, zobe. Ya yi shiru daidai inda nake yin shiru, mata suka hau kwance bakin zani. Na ce, "Malam, sunan wa ke jiki?" Ya ce Sabo. Na sa ya duba ciki da baya. Babu ni.

Ban yi wa Yaya Sabo magana ba, ko da muka haɗu wajen suna yana ta yi wa Hadiza wasa. A da labari na zuwa mini ina tafe, ko ina daka. Yanzu idan ya zo sai in waiga in ga wa ke kusa. Hadiza ta fara ƙirƙiro nata, ni kuma na rasa ko in ce ta ci gaba.