Maude Mai Ɗaure Tumatir

Duk Yasore babu wanda ya san Maude kamar ni, don taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara nake zolayarsa, kuma ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ban fasa ba. Allah ya jiƙansa, dogo ne siriri, ga kunya kamar amarya, ga taurin kan tsiya.

Bayan an dawo daga yaƙin Bama ya tafi cirani Jos, ya yi wa wani Bature aikin lambu. Sa'o'insa suka komo da keke, wani da akwatin ƙarfe. Maude fa? Ɗan ƙullin tsumma, da irin tumatir a ciki. Wai ba irin namu ƙanana masu tsami da ke fita a juji ba, manya ne, kowane sai ya cika tafin hannu. Ya je kasuwar Batsari ya faɗi haka a gaban masu kayan miya, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

Da damina ta sauka ya shuka irin nan kaf a garkar bayan gidansa. Na ce, "Kai sakarai, ko ƙwaya ba za ka rage ba?" Ya ce ba za su lalace ba. To, in fa suka lalace iri ya ƙare, shi kuma ba shi da sauran bakin magana a Batsari.

Sai muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Kowane tushe ya kafa masa sanda, ya ɗaure shi da igiyar rama, sako-sako don kada ta shaƙe shi. Kullum da safe yana duƙe, yana tsinke 'yan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye. Wai ɓarayi ne, su ke shanye abincin 'ya'ya. Ganyen da ya taɓa ƙasa ma sai ya cire shi. Na leƙa ta danga na ce, "Wanzami, yau wa ake yi wa aski?" Ko kallona bai yi ba.

Ana cikin haka surukarsa, Inna Maijidda, ta zo daga Babban Duhu ta ƙasar Safana, za ta yi damina wajen ɗiyarta Safiyyatu. Tsohuwa ce mai dogara sanda, ba ta da yawan magana. Maude kuwa, in ya ji tarinta a tsakar gida sai ya cire takalmi ya bi ta bayan rumbu. Gaisuwa ma daga nesa, a durƙushe, ido a ƙasa.

Ba a jima ba ya dawo daga gona ya tarar da tumatirinsa duk a kwance cikin laka. Ya ce akuya ce. Na ce, "Akuyar da ta kwance ƙulli, ta nannaɗe igiya, ta rataye a danga? Ai wannan sai a sa ta makarantar allo." Ya sake ɗaurewa. Washegari ma haka.

Ni na gano mai aikin. Da hantsi ina shanya kuɓewa, na hangi tsohuwa ta shiga garka, tana bi tushe-tushe tana kwancewa, tana kwantar da su a hankali. Da na faɗa wa Maude, sai ya hau roƙona.

"Ki rufa mini asiri," in ji shi. "Ni zan buɗe baki in ce wa Inna ta bari? Gara su ruɓe."

Safiyyatu ma da aka tuntuɓe ta, sunkuyar da kai ta yi kawai. Haka aka zauna: shi ya ɗaure da safe, ita ta kwance da hantsi, da yamma ya durƙusa ya gaishe ta, ta sa masa albarka. Kai, ban taɓa ganin faɗa mai ladabi irin wannan ba! 'Ya'yan da ke ƙasa kuwa suka fara baƙi suna ruɓewa.

Haushi ya ishe ni. Na yafa gyale na same ta a ƙofar ɗaki, muka gaisa, na tambayi ƙafa, na tambayi mutanen Babban Duhu, sannan na ce, "Inna, don Allah me tumatirin nan suka yi miki? In ba a ɗaure su ba ruɓewa za su yi."

Sai ta ce, "Shekarar da aka ɗebi samari aikin tilas na haƙar kuza, da igiya aka fita da yaron nan, a ƙugu, su a jere." Ɗanta na fari take nufi, Armaya'u, wanda ba ta faɗin sunansa. "Igiyar rama ce. Ni na tufka ta da hannuna, daga rumfata suka zare ta. Bai dawo ba. In na ga abu a tsaye an ɗaure shi, ɗiyata, abinci ba ya wuce mini."

Wallahi duk masifar da na zo da ita ta tsere. Na je na faɗa wa Maude. Sai ya tattara igiyoyin ya kai can bayan gari. Ya ɗauki gatari ya shiga daji, ya saro itace masu gwafa ya kakkafa, ya gitta karan dawa a kai hawa-hawa, ya jingina kowane tushe yadda zai tsaya ba ɗauri. Daga ranar tsohuwa ba ta ƙara kwantar da ko ɗaya ba. Har ma ita ta karɓi aikin tsinke ɓarayi, farcenta ya fi nasa kaifi. Na ce masa, "Wanzami, an ƙwace maka aska."

Wata rana da la'asar hadari ya taso da iska, Maude yana gona. Ya sheƙo a guje, na bi shi. Gwafa ɗaya ta karye, ta babban tushen da ya fi kowane 'ya'ya. Amma tushen yana nan a tsaye. An tokare shi da sandar Inna Maijidda.

Ba ta nemi sandar ba, shi kuma kunya ta hana shi mayarwa. Har tumatir ya nuna tsohuwar nan bango take dafawa in za ta alwala.

Sun yi manya kuwa, jajir, ƙaryata ta ƙare. Na ɗauka na farkon da ya nuna, kasuwar Batsari zai ruga da shi. Ina! Sai ya sa shi a faifai, ya zare sandar ya goge mata laka da gefen rigarsa, ya ajiye su a ƙofar ɗakinta, ya bi ta bayan rumbu ya gudu. Tsohuwa ta fito ta dube su. Ta ɗauki sandarta, ta ce wa Safiyyatu miyar yau ita za ta yi.