Takabar Goggo a Toukra

A daminar da mijin goggona ya rasu, ina karanta labarai a shirin Hausa na wani gidan rediyo a N'Djamena. Kullum mutanen meteyo, wato hukumar kula da yanayi, na turo mana hasashen kogi, wanda suke haɗawa daga hotunan tauraron ɗan adam da na'urorin auna ruwa da aka kafa can kudu. Nakan fassara daga Faransanci, in karanta, in wuce zuwa labarin wasanni.

Wata safiya taswirar hasashen ta zo da jan launi a kan unguwar Toukra. Bayanin ya ce a cikin makon ruwa zai haura shingen ƙasar da ke kare unguwar. A nan Goggo take takaba, a gidan da suka gina da mijinta, ga shi ko rabi ba ta yi ba.

Bayan na tashi aiki na hau babur na je. Na nuna mata taswirar a wayata, ta riƙe ta nesa da fuska.

"Wannan jan shi ne ruwan?"

"Shi ne inda zai kai, Goggo."

Ta dubi tsakar gidanta. A bushe yake, kaji na tono.

"Mai takaba ba ta barin ɗakin miji sai da lalura. Ina lalurar, ɗan nan? Ko yanzu a waya ake ajiye ta?"

Na ɗauko limamin unguwa, wani dattijo Bakano da bai daɗe da zama a garin ba. Ya ce tsoron halaka ya isa uzuri, kuma labarin amintacce abin karɓa ne. Goggo ta saurara daga bayan labule har ya gama.

"Allah ya gafarta Malam, shi amintaccen ya ga ruwan da idonsa?"

Liman ya juyo gare ni. Na ce a'a, lissafi ne, amma yawanci yana fita daidai. Kalmar "yawanci" kaɗai ta ɗauka.

A ƙarshe ta yarda a kwashe kaya, tunda su ba takaba suke yi ba. Muka loda katifa, buhunan gero, akwatin tufafin marigayin da awaki a motar wani maƙwabci, aka kai gidana a Amriguébé. Ta rage da tabarma, buta da tukunya ɗaya. Na koma kwana a zaurenta, da safe in tafi in karanta wa gari gargaɗin da na kasa sa goggona ta bi.

Ruwan ya makara kaɗan a kan hasashen, ta kuma yi min dariya a kai. Sai wata rana da hantsi ya shigo ta kwatar wanke-wanke, shiru, ja kamar kunun kanwa. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya rufe mata ƙafa.

"To, yanzu kam na gani. Ɗauki butar."

Babur bai iya shiga ba. Da ƙafa muka fita zuwa kwalta, ruwa iya gwiwa, tana riƙe da kafaɗata. Katangar gidan ta faɗi bayan mun tafi.

A gidana ta ƙarasa takabar, a kan katifarta busasshiya. Har yau in mata sun zo aka tada zancen, cewa take ruwa ne ya fitar da ita daga ɗakin mijinta, ba waya ba. Ban taɓa gyara mata ba.